Sati 11 da dashen ƙoda, gida sun hana ni motsi, ni kuma jikina na lalacewa

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Shekarata 36, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, gida kuma Ketu. Shekara biyu na yi ina wankin ƙoda sau biyu a sati, har na sayar da filina na gida, sannan Allah ya sa ƙanena ya dace da ni ya ba ni tasa. Mahaifiyarmu ta zo daga Arewa tun kafin aikin, har yau tana nan. Ita da maiɗakina sun haɗe kai, ko buta na ɗauka sai an yi magana. Yanzu kilo 9 na ƙara, fuska ta cika, in na tashi daga tabarma sai na dafa bango. Kafin ciwon nan ina buga ƙwallo duk Lahadi a Agege, ina ɗaga ƙarfe. Shekaranjiya da ba sa nan na hau bene da jarkar ruwa, ban ji komai ba sai ɗan ja a mara. Zan iya komawa fili da kasuwa yanzu?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa ƙanenka. Ka bi maganar Hajiya, ka zauna wata shida cur. Da kuɗin da maganin nan ke ci duk wata a ƙasar nan, wa zai yi wasa da ƙoda? Ga shi kullum farashi sama yake yi, ba mai tambayar yadda marasa lafiya ke ƙarewa.

Anti Nas: Maman Sadik, zaman wata shida shi ne zai ƙara lalata shi. Baban Ummi, ka bar abubuwa uku ba ka faɗa ba. Nawa kiriyatinin ɗinka, wato sinadarin jini da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, a gwajin ƙarshe? An cire siririyar robar da ake sawa tsakanin ƙoda da mafitsara? Jijiyar wankin da aka haɗa maka a hannu tana aiki har yanzu?

Jarkar nan kuskure ce. Lita 25 kilo 25 ke nan, alhali ƙa'idar sati shida zuwa takwas na farko ba a wuce kamar kilo 5, rabin jakar fiya wata. Bayan nan ma a hankali ake ƙarawa, da izinin likita. Fata na warkewa da wuri, amma naman cikin da aka yanka yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari, maganin da kake sha kuma yana jinkirta warkewar. Ka tsaya gaban madubi, ka ɗora tafin hannu kan ɗinkin, ka yi tari. In wani abu ya turo hannunka, ƙaba ce ta fara, ka je asibiti.

Dafa bangon kuwa aikin prednisolone ne, ɗaya daga magungunan hana jiki ƙin ƙodar, da zaman wanki: yana cinye naman cinya da na ɗuwawu, yana buɗe ciki, yana raunana ƙashi. Maganinsa motsi. Fara tafiya minti 15 bayan Asuba, ka riƙa ƙara minti 5 duk sati har ka kai minti 30, kwana biyar a sati. Minti 150 ke nan, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga baligi. Saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya jan karatu ba, shi ne daidai. Sau biyu a sati ka zauna kan kujera ka tashi ba dafawa, sau 10, ka huta, ka maimaita. Ka fitar da numfashi lokacin yunƙuri, kada ka riƙe shi, riƙewar ce ke matsa ɗinki tana ɗaga hawan jini.

Baban Ummi: Anti, an cire robar tun sati na shida. Jarkar ma ba cike take ba. Kuma ni na san jikina, shekara goma ina ɗaukar buhu. Tafiya ai ta tsofaffi ce.

Ɗan Agege: Yaya, kada a tsorata ka. Ivan Klasnic, ɗan ƙwallon Kuroshiya, an yi masa dashe a 2007, ya buga gasar Turai a 2008 har ya ci ƙwallo. Akwai ma gasar duniya ta waɗanda aka yi wa dashe, tun 1978 aka fara ta a Ingila. Ka sha ruwa lita biyar, ka sayi garin gina jiki, ka koma fili.

Anti Nas: Labarin Klasnic gaskiya ne, amma da likitocin ƙungiya a kansa, ba a sati na 11 ba. Sabuwar ƙoda ba a baya take ba inda haƙarƙari ke kare ta. A gaba take, ƙasan mara, ƙarƙashin fata da nama kawai, kana iya taɓa ta da hannu. Gwiwa ɗaya a filin Lahadi ta isa. Dambe da kokawa a manta da su. Ƙwallo kuma likitan da ya yi dashen ne zai yanke, ba mu ba.

Lita biyar ba ƙa'idar kowa ba ce. Ka bi adadin da aka rubuta maka, ka ƙara in ka yi gumi, ka duba fitsari ya zama fari-fari. Da zafin Legas, in jiki ya bushe ga tacrolimus, maganin hana jiki ƙin ƙodar, a jini, kiriyatinin tashi yake yi. Garin gina jiki a bar shi: wasu na ɗauke da sinadarin da ke ɗaga kiriyatinin a gwaji, sai a rasa gane ko jiki ne ke ƙin ƙodar.

Alhajin Idi-Araba: Ƙarin abin da ke kai mutane ƙasa shi ne bayan motsin. Jiki ya yi tsami, a shiga kemis a karɓo diclofenac ko ibuprofen, ko a tari mai agbo, jiƙon gargajiya na Yarabawa, a tasha. Duk suna cutar da ƙoda. Paracetamol kaɗai, shi ma bisa ƙa'ida. Abin takaici masu kemis da yawa ba sa ko tambaya. Kuma da damina kada ka taka ruwan kwata ko ka shiga lagun, garkuwar jikinka a ƙasa take. Zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ciwo kan ƙodar, ko fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko gudawa, a ajiye motsi a nufi asibiti ranar.

Maman Sadik: To ni dai ban yarda da tafiyar Asuba a Ketu ba, da duhu da ramuka da masu babur. In ya faɗi fa?

Anti Nas: Sai ya jira gari ya waye, ko ya zaga tsakar gida. Baban Ummi, har yanzu ba ka faɗi kiriyatinin ba, ba ka ce komai kan hannun ba. In jijiyar na aiki, ba a ɗaure hannun, ba a rataya masa kaya.

Baban Ummi: Na gode duka. Takardar gwajin tana wurin maiɗakina. Amma ku gane, yaran shago suna cin amanata, dole in koma kasuwa ranar Litinin. Ba zan ɗauki buhu ba, sai dai in mota ta zo ba kowa. Asibiti kuma sai ranar 20 ga wata. Wannan jan da nake ji a mara, zai iya jira har lokacin?