dma_alloc_coherent yana dawo min da NULL, katin PCI mai bit 30

Salam jama'a, abin nan ya ishe ni wallahi. Ina rubuta direba (manhajar da ke sarrafa katin PCI ɗin) a Linux, x86_64 mai RAM 16GB, katin kuma adireshin bit 30 kawai yake iya gani, wato in zai yi DMA (karatu da rubutu a RAM kai tsaye), duk abin da ya haura 1GB bai san da shi ba.

Na sa dma_set_mask_and_coherent da DMA_BIT_MASK(30) don in gaya wa kernel (zuciyar Linux) iyakar katin, ya karɓa lafiya lau, amma da na nemi buffer (wurin ajiya a RAM) na 2MB da dma_alloc_coherent sai ya ba ni ɗaya ko biyu in kwamfutar ta tashi yanzu-yanzu, in ta ɗan jima tana aiki kuwa NULL kawai (wato bai samu ba), dmesg (saƙonnin kernel) na ta kawo page allocation failure order:9, wato ya kasa samun 2MB a haɗe. Da alama kernel ɗin yana ɗebowa daga ZONE_DMA32 (sashen RAM na ƙasa da 4GB) ne, ya ga ya wuce 1GB, sai ya koma ZONE_DMA, ita kuma 16MB ce gaba ɗayanta, ina za ta isa.

Na gwada neman RAM ɗin ta kmalloc da GFP_DMA32 (alamar a ɗebo daga ZONE_DMA32), ashe ma ba ya aiki a can. IOMMU kuma (mai fassara wa kati adireshin RAM) motherboard ɗin ba shi da shi sam.

In na ware CMA (yankin RAM da ake keɓewa don manyan buffer a haɗe) da cma=64M@0-1G wajen tashi, dma_alloc_coherent zai riƙa ɗebowa daga can da kansa?