Hoton faɗuwar rana a kan tafiya: sama fari fat, ƙasa baƙi ƙirin

Matafiyi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara kan ɗaukar hoton faɗuwar rana a wuraren tsaunuka da bakin ruwa. In ƙasa ta fito, sama sai ta yi fari fat. In sama ta fito, ƙasa sai ta yi baƙi ƙirin. Jan da ido ke gani ma ba ya fitowa. Ina da waya da kamara mai canza gilashi. Ina matsalar take?

Mai Kamara:
Wa'alaikumus salam malam. Tazarar da ke tsakanin hasken sama da duhun ƙasa a lokacin ta fi ƙarfin kamara, dole ta zaɓi ɗaya. Kai ka zaɓar mata sama. Wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi wajen gyara, amma wanda haske ya ƙone ya tafi ke nan.

Sa ISO (ƙarfin jin haske na kamara) a 100, buɗin gilashi kuma a f/8 ko f/11, ka auna haske a gefen rana, ba a kanta ba. Ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba. In tazarar ta yi yawa, ɗora kamarar kan abin girke ta mai ƙafa uku ka ɗauki hoto uku ba tare da ta motsa ba: mai duhu (-2), matsakaici (0), mai haske (+2), ka haɗa su a kwamfuta. Kunna jinkirin daƙiƙa 2, domin dannawa da yatsa kaɗai na girgiza hoto. In ba ka tafi da ƙafar ba, dutse ko jaka ma sun wadatar. Kada ka leƙa rana ta ƙofar leƙen kamara da dogon gilashi, tana illata ido. Yi amfani da allo.

Inuwa da Haske:
Batun ja kuwa, saitin WB ne, wato daidaita launi. In yana kan AWB, inda kamara ke zaɓa da kanta, kamara na ɗaukar jan a matsayin kuskure, sai ta wanke shi. Mayar da shi kan alamar gajimare, wajen 6000K a ma'aunin launin haske.

A waya, danna sama ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja alamar rana ƙasa har launi ya dawo. Goge gilashin tukuna: maiƙon yatsa ne ke jawo hazon nan da ke kewaye rana. Kuma kada ka jawo hoto da yatsu biyu, lalata shi kake yi.

Duba Yamma:
Gaskiya ne, sai dai ni a ganina lokaci ya fi saiti muhimmanci. Rana na tafiyar da ta kai faɗinta cikin kusan minti 2, don haka in ta taɓa dutse ba sauran neman wuri. Isa awa ɗaya kafin nan, ka duba yamma da kamfas ɗin waya, ka samu abin da zai tsaya a gaba: bishiya, kwalekwale ko hanya. In ya fito baƙi ƙirin ma ba laifi, muddin siffarsa ta fita daga jikin sama.

Kuma kada ka naɗe kaya da zarar ta ɓace. In akwai siraran gajimare can sama, launi kan fi tsananta bayan minti 10 zuwa 20. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya duhu na saurin shiga, saboda rana a miƙe take sauka. Can arewacin Turai da bazara kuwa hasken kan daɗe sosai.

Mai Kamara:
Ƙari kaɗan: in kana son rana ta yi tsirkiya kamar tauraro, sa f/16 ka bar gefenta ya ɓuya bayan dutse ko reshe. Amma tabbatar cikin kamarar ba ƙura, domin a f/16 kowane ɗigo sai ya bayyana a sama.