Kalmar "merchant": ma'anarta da asalinta

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina yawan cin karo da kalmar "merchant" a littattafan tarihi, shin ma'anarta ɗaya da "trader", kuma daga ina ta samo asali?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci wajen ƙarni na 13, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, sun ci Ingila a 1066, tushenta kuma kalmar Latin ce, "merx", wato haja, inda "market" da "commerce" ma suka fito. Da "merchant" ana nufin babban ɗan kasuwa mai sarin kaya da yawa, musamman tsakanin ƙasashe, yayin da "trader" ta haɗa da mai ƙaramin tebur.

Amsa ta biyu: Malam ya yi bayani. A ganina "attajiri" ta fi dacewa da ita, domin asalinta Larabci ne, ma'ana ɗan kasuwa, ko da yake yanzu mun fi amfani da ita ga mai dukiya.

Amsa ta uku: Bankuna kuwa suna kiran duk mai shagon da ke karɓar kuɗi ta kati "merchant", komai ƙanƙantar jarinsa.