Dandamalin duro a bakin Galma: wace gasa zan kai shi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure, shawara nake nema. Waɗanda suka san ni a Sabon Gari sun san walda ce sana'ata, ƙofa da taga da gadon ƙarfe. Bara surukina da ke noma a bakin kogin Galma nan Zariya ya kawo min kuka, wai inda suke shiga kwale-kwale taɓo ne har gwiwa, tsofaffi sai an goya su, buhun masara kuwa kafin ya kai jirgi ya jiƙe. Sai na haɗa musu dandamali da duro 12, shuɗayen nan na roba masu lita 200, na ɗaure su cikin firam na ƙarfe, na shimfiɗa katako a kai. Ruwa ya ƙaru ya tashi da shi, ya janye ya sauka. Yanzu yarona ya ishe ni, wai a ƙasashen waje har lambar yabo ake ba masu irin wannan aikin. Da gaske ne? In da gaske ne ina zan nufa?

Injiniya na Samaru: Wa alaikumus salam. Yaronka bai yi ƙarya ba. A Amsterdam ta ƙasar Holan, duk watan Nuwamba ana wani babban baje kolin kayan jiragen ruwa, METSTRADE, kuma a nan ake ba da lambar DAME ga sabon kayan da ya fi kyawun ƙira. Akwai ta masu ƙera jirage ma daban. Amma kada in yaudare ka Baban Ummi, kamfanonin da suka kama rumfa a baje kolin su ke shiga, masu kayan da ake sayarwa a kasuwa. Kuɗin rumfa da biza da tikiti kaɗai sun sayi shagonka.

Maman Sadik: To su wa suke yi wa kayan, masunta?

Injiniya na Samaru: Ina! Yawanci masu jiragen shaƙatawa ne, Hajiya. Can suna da tashoshi da ake kira marina, kamar garejin mota ne amma a kan ruwa, kowa da gurbinsa, da wuta da famfo a gefen jirgi. Su ma tashoshin ana auna su. A Ingila akwai tsarin Gold Anchor, kamar yadda ake ba otal taurari, sai dai su anga, ƙarfen nan na tsayar da jirgi, suke ƙirgawa. Akwai kuma Blue Flag, tutar da ake ba tashar da ta kiyaye tsaftar ruwa, kuma duk shekara sai an sake dubawa. Abin da ya ba ni sha'awa, hanyoyin da suke takawa zuwa jiragen nan dandamali ne mai iyo, dabarar ɗaya ce da ta Baban Ummi, nasu dai na siminti ne ko alminiyom.

Ɗan Yauri: Ni fa ku yi haƙuri in katse ku. A gidan fito na tashi, kakana da gora da filafili ya ciyar da mu. Kafin maganar lambar yabo, mutum nawa ke hawa dandamalin nan lokaci guda?

Baban Ummi: Na taɓa ƙirga 15, da babur ɗaya.

Ɗan Yauri: Innalillahi. Injiniya yi masa lissafi.

Injiniya na Samaru: Lissafin ba wuya. Duro mai lita 200 yana ɗaukar kusan kilo 200 kafin ya nutse gaba ɗaya. Guda 12 ke nan kilo 2,400. Cire nauyin ƙarfe da katako, sannan ƙa'ida kada ka bari duron ya shige ruwa fiye da rabi. Ka ga abin da ya rage bai kai na mutum 15 da babur ba. Kuma ba nauyin ne kaɗai abin tsoro ba, taruwa gefe guda ne. Jirgi na isowa kowa zai ruga baki ɗaya, sai ɗayan gefen ya ɗaga. Ka ƙara duro a gefen da jirgi ke tsayawa, ka sa makari na bututu, ka rubuta adadin mutane da jan fenti babba.

Ɗan Yauri: Yauwa. Mu da muka ga hatsarin jirgin ruwa na Warra cikin 2021 ba ma wasa da lodi. A shekarar ce kuma ta Bagwai, yara 'yan Islamiyya a madatsar Watari. Na Patigi a 2023 daga biki suke dawowa, sama da mutum ɗari. Duk labarin ɗaya ne: lodi ya wuce kima, babu rigar ruwa. Wanda duk ya rage wannan ko da kaɗan, a wurina ya fi mai kofin Amsterdam. Shawarata, ka kafa turaku biyu na bututu mai kauri, ka sa zobe ya riƙa zamewa a jikinsu. Igiya kaɗai ba ta riƙe Galma a watan Agusta. Murfin duro kuma ya kalli sama, ka liƙe shi da kyau.

Malama ta Kongo: Baban Ummi, in gasa kake so wadda ta dace da kai, duba Africa Prize for Engineering Innovation. Kwalejin injiniyoyi ta masarautar Ingila ke shirya ta tun 2014, don 'yan Afirka kudu da Sahara. Waɗanda aka tace ana horar da su wata da watanni kan yadda ake mai da ƙirƙira kasuwanci, ko ba ka ci ba ka ƙaru. Sai gidauniyar Tony Elumelu, ana buɗewa ranar 1 ga Janairu, jarin dala 5,000 suke bayarwa, kuma ba a biyan ko sisi wajen cikewa. Ta kamfanin iskar gas na NLNG ta kimiyya dala 100,000 ce, amma kowace shekara da jigonta, kuma 'yan bincike ne suka fi kai labari. Ban ba ka shawarar ta ba yanzu.

Kawu na Tudun Wada: Ba a biyan ko sisi, ku riƙe wannan kalmar. Ni an taɓa turo min takarda mai tambarin zinare, wai an zaɓi shagon kafintana a ba shi lambar ƙirƙira a wani otal a Abuja. Na yi murna har na ɗinka sabuwar shadda. Daga baya aka ce in biya kuɗin tebur, sai kuɗin allo, sai kuɗin hoto a mujalla. Da na je, mun fi mu hamsin, kowa gwarzo. Allon yana nan, maiɗakina na rufe tukunyar koko da shi.

Maman Sadik: Kai Kawu, Allah ya shirye ka. Ni dai abin da ya burge ni shi ne na mutanen Lamu a Kenya. Wani maƙerin jirgi, Ali Skanda, da abokan aikinsa suka tara tsofaffin robobi da silifas na bakin teku suka ƙera jirgin Flipflopi, suka tuƙa shi har Zanzibar a 2019. Duniya ta san su ne don jirgin ya yi tafiya kowa ya gani. Ka sa yaron ya riƙa ɗaukar bidiyo duk mako, da rani da damina.

Malama ta Kongo: Bidiyon ya ɗauka, amma kada a watsa tukuna. In akwai sabon abu a ciki, fara tuntuɓar NOTAP, hukumar bunƙasa fasaha ta ƙasa, a Abuja kan rajistar mallakar ƙirƙira, don abin da ka riga ka baza wa duniya yana wuyar yin rajista.

Injiniya na Samaru: Malama, duro a ƙarƙashin katako ba sabo ba ne, an daɗe ana yi. Sai dai in wani abu ya ƙara.

Baban Ummi: To akwai gadar da ke haɗa shi da gaɓa. Da tsohon sifirin ɗin mota na yi mata maƙala, tana lanƙwasa duk yadda ruwa ya yi, ba ta taɓa tsinkewa ba.

Injiniya na Samaru: Wannan ne ban sani ba! Kada ka turo hotonsa nan. Ka ɗauki littafi ka fara rubuta kwanan wata, tsayin ruwa, mutum nawa suka hau, me ya lalace, nawa ka kashe. Alƙalan kowace gasa wannan suke fara tambaya. Kuma ga NITT nan a hanyar Basawa, cibiyar fasahar sufuri ce ta ƙasa, ba sai ka je Lakwaja wajen NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida, tun yanzu ba. Ka shiga ka nemi wanda zai zo ya gani da idonsa.

Ɗan Yauri: Ranar da za ku je ku kira ni. Zan zo da rigunan ruwa biyu, don Injiniya na san bai iya iyo ba.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Asabar bayan la'asar ta yi muku? Kawu, duro huɗu nake nema, in ka san mai sayarwa da sauƙi, amma ba wanda aka zuba maganin feshi a ciki ba.

Kawu na Tudun Wada: Akwai wani mai manja a kasuwar Sabon Gari, nasa na man girki ne. Bari in tambaye shi gobe.