Haka kiɗan Girkawan dā yake, ko ƙirƙirar Xenakis ce?

Binta_K:
Assalamu alaikum. Na saurari Oresteia ta Iannis Xenakis, mai tsara kiɗa ɗan asalin Girka, kuma ɓangaren Kassandra ya hana ni sakat. Namiji guda ne yake rerawa, sai ya siranta murya ya zama Kassandra mai hango kisan da za a yi mata, nan take ya sauke ta ƙasa ya zama dattawan da ba su yarda da ita ba, ganguna na bin sa a baya. Tsigar jikina ta tashi. Tunda kalmomin na tsohon Girkanci ne, shin sautin ma haka yake a zamanin Aeschylus, wanda ya rubuta wasan kwaikwayon Oresteia na asali?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Binta. A'a, na Xenakis ne. Abin da ya rage na rubutaccen kiɗan Girkawan dā gutsattsari ne. Akwai waƙoƙi guda 2 na yabon Apollo, abin bautar Girkawan dā, da aka tono a Delphi a 1893, sai gajeriyar waƙar Seikilos da aka sassaƙa jikin dutsen kabari, yanzu tana gidan tarihi a Copenhagen. Ki nemi wannan ki ji, mai taushi ce, ba ta da wannan hargowar.

Ni a ganina zafin da kika ji daga rayuwarsa ya fito. A 1945 ya rasa ido ɗaya a faɗan birnin Atina, ya gudu Faransa a 1947, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Wanda ya ga haka, in ya ɗauki labarin Oresteia, na gidan da jini ke bin jini, ba zai lallaɓa shi ba. Ɓangaren Kassandra ma sai a 1987 ya ƙara shi.

Garba_Injiniya:
Malam, kada mu jingina komai ga yaƙi. Mutumin injiniya ne, ya yi aiki da mai zanen gine-gine Le Corbusier, da lissafi yake tsara sauti. Binta, ki gwada The Minotaur, opera (wasan kwaikwayo cikin waƙa) ta Harrison Birtwistle, ta 2008. Dodon mai kan sa ba ya iya magana sai a mafarki da lokacin mutuwarsa, a farke ruri kawai yake. Ni ta fi taɓa ni.

Binta_K:
Na gode muku. Na ji ta Seikilos yanzu, gaskiya ban zaci haka take da laushi ba. Malam Garba, ta Birtwistle ɗin dole sai da bidiyo, ko sauraro kaɗai zai wadatar?