Wace manhajar kasuwanci zan saka wa sababbin shiga?

Dan_Kwamfuta:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Wasu 'yan kasuwa ne suke so in saka musu manhajar lissafi da rasit ta kyauta, ba su taɓa amfani da irinta ba, ina tunanin ERPNext ko Odoo, kuma wai ya halatta in kwafa a filash in rarraba musu?

Baban_Linux:
Wa alaikumus salam. Rarrabawa ba matsala, lasisin GPL na ERPNext da LGPL na Odoo ta kyauta, wato ƙa'idojin amfani da manhajojin, sun yarda ka kwafa har ma ka karɓi kuɗin aikinka, kar dai ka cire lasisin ko ka hana su asalin kod ɗin. Amma gaskiya saka ERPNext akwai wuya, sai da Linux (tsarin kwamfuta kamar Windows) ko Docker (manhajar da ake gudanar da wasu manhajoji a cikinta). Gwada Dolibarr, tana da DoliWamp na Windows, fayil ɗaya ne zai saka maka ita da abubuwan da take buƙata, wato Apache da PHP da rumbun bayanai, gaba ɗaya.

Maman_Ilham:
Odoo Community, wato ta kyauta, ma akwai ta Windows haɗe da rumbun bayanai na PostgreSQL, sai dai cikakken ɓangaren lissafin kuɗi na Odoo Enterprise ne, sai an biya. Ni abin da ya fi damuna ajiye kwafin bayanai ne malam, ka koya musu tun ranar farko, in kwamfuta ta mutu wallahi shikenan lissafinsu.

Dan_Kwamfuta:
Na gode sosai, Allah ya saka, bari in fara gwada Dolibarr ɗin.