Wace kalma za mu sa wa "healthy volunteer" a takardar neman yarda?

Mai Harhaɗa Magani, Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Ana neman kalmar da za ta zauna a takardar neman yarda ta Hausa a madadin wannan ta Turanci. Ga wanda bai san aikin ba, mutum ne da ba ya ciwon komai, ya amince a ba shi sabon magani don a ga yadda jikin ɗan Adam zai karɓe shi. Wannan gwajin shi ne matakin farko bayan an gama da dabbobi, kuma yawanci mutum 20 zuwa 100 ake ɗauka. Ba warkarwa ake nema ba tukuna. Ana son sanin yawan da jiki zai ɗauka, da saurin shigar maganin cikin jini, da yadda hanta da ƙoda ke fitar da shi. Wasu na rubuta "ɗan sa kai mai lafiya", amma bai kwanta mini ba.

Malamin Hausa, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Ai ba zai kwanta ba, Malam. Yau in ka ce 'yan sa kai a Giwa ko Birnin Gwari, masu bindigar toka ake hangowa. 'Yan agaji kuma sun riga sun zama masu kaki a bakin masallaci. Kafin wani ya kawo "zakaran gwajin dafi", na kawo shi da kaina don mu kashe maganarsa.

Likita, Shika:
Allah gafarta Malam, gara da ka kawo shi. Zakara ba a tambayarsa, kuma ana gwada dafin ne da sa ran ya mutu. Nan kuwa komai a kan yarda ya tsaya: a karanta wa mutum haɗarin da harshen da yake ji, ya sa hannu ko ya dangwala, kuma yana da ikon janyewa ko ana tsakiyar aiki ba tare da ya faɗi dalili ba. A ƙasar nan sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, NAFDAC ma ta ba da izini.

Haɗarin ba wasa ba ne. A watan Maris na 2006, a asibitin Northwick Park da ke Landan, an haɗa maza takwas. Shida aka ɗura musu maganin TGN1412, biyu aka ba su wanda babu komai a ciki. Tazarar da ke tsakanin mutum da mutum kusan minti goma ce, don haka kafin na farkon ya fara kuka da ciwon kai da zazzaɓi an kusa gamawa da sauran. Garkuwar jikinsu ta haukace, duka shidan suka kwanta a ɗakin kulawa ta musamman. Shi ya sa yanzu ake fara ba mutum biyu kawai, ɗaya magani ɗaya fanko, a jira kwana ɗaya ko biyu kafin a taɓa sauran rukunin. Saboda haka "mai sadaukar da kai" ma ban yarda da shi ba, don duk tsarin an gina shi ne kada kowa ya zama ragon layya.

Jami'ar Jinya, Tudun Wada:
Ni dai kowace aka zaɓa, kada a yar da "lafiyayye", don nan aikin yake. Ba cewar mutum "lafiyata ƙalau" ake bi ba. Ana auna hawan jini da bugun zuciya, a duba hanta da ƙoda, a yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, mace a yi mata gwajin ciki. A binciken da ake kwatanta kwafin magani da na asali, ana kwana da azumin awa 10, a sha ƙwayar da ruwa mililita 240, a sa kanula, wato siririn bututun da ake sakawa a jijiya, a hannu ana ɗibar jini kan lokaci, da farko a kai a kai, daga baya a ja tazara. Sai a huta har maganin ya fita daga jiki, a dawo a sha ɗayan. Ma'aunin kwafin a cikin jini dole ya faɗa tsakanin kashi 80 da 125 cikin ɗari na na asalin.

Inda ake samun matsala a wajenmu: ka tambayi mutum ko yana shan magani ya ce a'a, alhali kullum da safe sai ya kurɓi jiƙon basir. A wurinsa magani sai na kemis. Dole takardar ta ambaci jiƙo da tsimi da saiwa da goro da sunayensu, don suna iya canza abin da za a gani a jini. Kuɗin ladan lokaci ma in ya yi yawa, wani zai ɓoye ciwonsa don a ɗauke shi.

Likita, Shika:
Hajiya ta taɓo wani abu. Mutanenmu in sun ji gwajin magani, Kano 1996 suke tunawa, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 masu sanƙarau. Waɗancan majinyata ne. Magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji ma a kan majinyata ake fara gwada su, saboda dafinsu ya fi ƙarfin a ba mai lafiya. Kenan kalma biyu muke bukata.

Malamin Hausa, Ƙofar Doka:
To ga shawara, ranka ya daɗe. A cire "ɗan", a sa "mai". "Ɗan" ne ke mai da abin sunan ƙungiya, "mai" kuwa aikin kawai yake nunawa. Sai mu ce lafiyayyen mai sa kai, mace lafiyayyiya mai sa kai, jam'i lafiyayyun masu sa kai. Ɗayan kuma majinyaci mai sa kai. Ku guji "ba da kai", wannan na wanda aka fi ƙarfi ne. Fankon da Likita ya faɗa ma na karɓa, ya fi "na bogi", wanda zai sa mutum ya zaci jabu za a ba shi.

Mai Harhaɗa Magani, Samaru:
Madalla, mun tsaya a nan. A layin farko na takardar za a rubuta "lafiyayyen mai sa kai a binciken magani" a cike, a ƙasa kuma a taƙaita zuwa "mai sa kai". Hajiya, a turo mana jerin sunayen jiƙon nan kafin Juma'a.